Lagireto Mai Yoyo: Jan Hankali ga Direbobi

Ana jan hankalin masu tsofaffin motoci masu shan gas, musamman na Malam Inna da sauran unguwannin Gombe, inda zafin bazara kan kai digiri 40, cewa lagireto mai yoyo yana iya kashe inji tun mota ba ta isa Bauchi ba.

Waɗansu direbobi kan zuba garin barkono domin su toshe hudar. Dabarar fita daji ce kurum, gama garin da ya toshe huda shi ne zai toshe ƙananan hanyoyin ruwa, inji ya ɗau zafi, gasket ya ƙone.

Lalle ne a bar inji ya huce sarai, domin murfin da aka buɗe da zafi yakan watsa wa mutum tafasasshen ruwa. A fara duba tiyo, sau da yawa can laifin yake. Idan lagireton ne, a tsiyaye ruwan, a kwance tiyon sama da na ƙasa, a warware notuna, sa'an nan a ɗaga shi sannu kada ya gogi fanka. Na tagulla yakan karɓi liƙin dalma. Wanda tsatsa ta cinye kuwa, sai dai a sa sabo.