SADARWA A WURIN AIKI: DARASI DAGA WANI GIDAN BULO A INKIL

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci sadarwa, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu ɗalibai a rai shi ne rediyo da talabijin da jarida da wayar salula. To amma akwai wata sadarwar da ta fi waɗannan kusa da mu, wato wadda ke gudana kullum tsakanin mutanen da aiki ya haɗa, ko a ofis ko a asibiti ko a gareji ko a gona. Wannan ɗan nazari zai dubi irin wannan sadarwa ne, musamman yadda wasu kalmomi da al'adun maganarmu na Hausa kan sa saƙo ya lalace a hanya.

Ni dai ba Bahaushe ba ne. Sayanci na buɗe baki da shi, Hausa kuwa a makaranta da kasuwa na tsince ta. Misalan da zan kawo na samo su ne a lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A wannan zama ne kawuna ya samo mini aikin akawu a wani gidan bulo da ke Inkil, a bakin hanyar Gombe, a gefen garin Bauchi.

2.0 Ma'anar Sadarwa

Sadarwa ita ce isar da saƙo daga wani zuwa wani ta yadda abin da mai aikawa ya nufa zai zama shi ne abin da mai karɓa ya fahimta. A shekarar 1948 wani masani ɗan Amurka, Harold Lasswell, ya taƙaita al'amarin cikin tambayoyi 5: wa ya yi magana, me ya ce, ta wace hanya, ga wa, kuma me maganar ta haifar. A shekarar 1949 kuma Claude Shannon da Warren Weaver suka fitar da littafinsu, inda suka nuna cewa akwai hayaniya da kan shiga tsakani ta gurɓata saƙo. Masanan da suka biyo baya sun ƙara jaddada abu guda, wato martani, wanda ta hanyarsa ne mai aikawa zai san ko saƙonsa ya isa lafiya. A kan wannan martani ne nazarina ya fi karkata.

3.0 Abin da Ya Faru a Inkil

A gidan bulon da na yi aiki, akwai maigida, sai wani dattijo da ke shugabantar ma'aikata wanda kowa ke kira Baba, sai masu injin, da leburori masu kwaɓa da ban ruwa da lodi, da direba da yaron motarsa. A cikinmu akwai Hausawa da Fulani da Jarawa da Sayawa, kuma Hausa ce ta haɗa mu duka. Bulo iri biyu muke bugawa: mai inci 9, wanda aka fi sa wa a harsashi da bangon waje, da mai inci 6, wanda aka fi raba ɗakuna da shi. A bakin ma'aikata, "mai tara" da "mai shida" ake cewa.

Wata safiya wani mai gini ya bugo wa maigida waya. Maigida yana ƙoƙarin shiga mota ya ce wa Baba, "A kai wa mutumin nan na jiya bulo ɗari shida mai tara." Baba ya zo ya faɗa mini, injin kuwa na ta ruri a bayanmu. Na ce, "To, Baba." Ban rubuta nan take ba, domin ina ƙirga buhunan siminti. Da na gama sai na ce wa direba a loda ɗari tara mai shida. Lambobin dai su ne, amma sun yi musayar wuri a kaina.

Sai da aka yi sawu biyu sannan mai ginin ya iso da faɗa. Ya tara birkiloli tun safe, ga shi ranar ta tafi a banza, kuma dole ya sallame su. Aka sake biyan lodi da saukewa, aka ƙona mai, wasu bulon suka farfashe a dawowa. Maigida ya tuhumi Baba, Baba ya tuhume ni, ni kuma, ina jin kunyar faɗa, na so in jingina wa direba. Daga ƙarshe an yanke wani abu daga albashina, kuma albarkacin kawuna ne ya sa ba a kore ni ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar yaron mota. Da yamma ya same ni ya ce, "Yaya, wallahi tun da ake lodi na san akwai kuskure. Jiya na ga wurin, harsashi suke yi." Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce, "Ni wa zan gyara wa magana a nan?"

4.0 Abubuwan da Ke Kawo Cikas

4.1 Kalmar "To"

Ɗalibin Hausa ya san "to" ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Takan nufi na ji, ko na yarda, ko ci gaba ina saurare, ko ma na ji amma ban ji daɗi ba, gwargwadon yadda aka ja ta da yadda aka ɗaga ko aka sauke murya. Abin da ba ta tabbatarwa shi ne na fahimta. Ga mu da muka koyi Hausa daga baya, "to" takan zama mafaka: idan magana ta wuce mu da sauri sai mu ce "to", don kada a ce ba mu iya Hausa ba. Baba ya ji "to" ya ɗauka an gama, alhali saƙon bai zauna ba.

4.2 "A Yi" da "An Ce"

Hausa tana da wakilin suna wanda ba ya nuna takamaiman mutum, kamar a cikin "a kai", "an ce", "za a duba". Amfaninsa a zaman tare babba ne, domin yana sassauta umarni, yana kuma rufa wa mai laifi asiri. Amma a wurin aiki yakan bar aiki ba mai shi. Da maigida ya ce "a kai", bai ɗora wa kowa alhakin tabbatar da odar ba. Haka nan idan ɓarna ta auku sai a ji "an fasa bulo", "an bar famfo a buɗe". Wa ya fasa? Wa ya bari? Shiru.

4.3 Kalmomin Lokaci

"An jima", "da safe", "nan ba da daɗewa ba", duk ba su da awo. Safiyar direba daban, ta mai gini daban. Har ila yau, da yawa daga cikinmu masu Hausa ta biyu mun tsaya ne a kan gobe da jibi, gata da citta kuwa sukan rikice mana.

4.4 Kunya da Girmamawa

Tarbiyya ta koya mana kada yaro ya tari numfashin babba, kuma wannan abu ne mai kyau. Sai dai idan girmamawa ta kai ga na ƙasa ya ga rami ya yi shiru, to an yi asara. A ranar nan, wanda ya fi kowa sanin gaskiya shi ne wanda ya fi kowa ƙanƙanta.

4.5 Yawan Bakuna

Saƙonmu ya bi ta baki huɗu kafin ya isa ga masu lodi, ba a rubuce ba, kuma cikin ƙarar injin. Duk bakin da saƙo ya ratsa, akwai yiwuwar ya rage wani abu ko ya ƙara.

5.0 Misali Daga Wata Duniya

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala ta leburori ce kawai. A ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasu. An yi hazo mai kauri a ranar. Matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ɗaya jirgin na kan titin. Jami'in hasumiya ya fara amsawa da kalmar "OK", sauran maganarsa ta cewa a dakata kuwa ta haɗu da ta ɗaya jirgin a rediyo, ba ta fito sosai ba. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce, kyaftin ya amsa masa da ƙarfin gwiwa cewa ya kauce, shi kuma bai sake magana ba.

Mai karatu zai ga "to" ɗinmu a nan, ya ga hayaniya, ya kuma ga yaron motarmu. Bayan wannan haɗari an tsananta amfani da ƙayyadaddun kalmomi, da maimaita muhimmin umarni ga wanda ya bayar, aka kuma shiga horar da ma'aikatan jirgi yadda na ƙasa zai iya tsayar da na sama idan ya hango haɗari.

6.0 Hanyoyin Gyara

Bayan abin da ya faru, Baba ya kawo wasu sauye-sauye waɗanda nake ganin za su yi amfani a kowane wurin aiki:

(a) Maimaita saƙo. Duk wanda aka ba umarni mai lamba sai ya mayar da shi da bakinsa: "Mai tara, guda ɗari shida, ko Baba?" Matambayi dai ba ya ɓata.

(b) Rubutawa nan take. Muka sayi littafin oda, kuma mota ba ta fita sai da takarda mai nuna iri da adadi da wuri.

(c) Kiran suna. A maimakon "a kai", sai a ce wane, kai za ka kai.

(d) Faɗin rana da ƙarfe. A ce ran Laraba da ƙarfe 8, a bar "jibi da safe".

(e) Ɗan taron safe. Kafin a tayar da injin, a tsaya minti 5 a faɗi aikin ranar. Baba yakan fara tambayar yara ne kafin manya, domin ya lura idan babba ya riga ya yi magana, yaro ba zai ƙara komai ba.

Ban ce kuskure ya ƙare ba, amma har na bar wurin a watan Oktoba ba a sake dawo da lodi ba.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan nazari ya yi ƙoƙarin nuna cewa faɗin magana ba shi ne isar da saƙo ba, sai wanda aka faɗa wa ya mayar da shi daidai. Laifin ba na harshen Hausa ba ne, domin harshen da ya tanadi "a kai" shi ne ya tanadi "kai ka kai". Abin da ya rage ga mai magana shi ne ya san wurin da kowanne ya dace.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala karatu, da su leƙa tashoshin mota da garejoji da asibitoci su saurari Hausar da ake aiki da ita. Akwai abin nazari mai yawa a can, kuma mafi yawanmu irin waɗannan wurare ne za mu tarar bayan mun bar makaranta.