Jirgin Cikin Gari Da Motocin Da Za Su Kai Masa Mutane

Wannan darasi na Labarin Ƙasa ne, amma akwai Lissafi a cikinsa. An shirya shi domin ɗalibanmu da za su fita koyon koyarwa a makarantun Kwandere da sauran kewayen Lafiya. Da yawa daga cikinmu muna da 'yan'uwa a Masaka, ko Mararraba, ko Nyanya, waɗanda ke fita tun da asuba su tsaya bakin titi suna jiran motar Abuja. Ga kuwa jirgin ƙasa na cikin gari an yi shi a Abujan, an kashe masa kuɗi masu yawa. To, me ya sa wahalar ma'aikaci ba ta ƙare ba? Abin da za mu duba ke nan.

Jirgi ba baƙo ba ne a gare mu

Jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911. Hanyar da ta taso daga Fatakwal ta ratsa Lafiya ta bi Kafanchan an haɗa ta da Kaduna wajen 1927, gadar Makurɗi kuwa aka buɗe ta cikin 1932. Har an taɓa yin wani ɗan ƙaramin jirgi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, wanda aka gama cikin 1914, aka rufe shi cikin 1957. Amma duk waɗannan jirage an yi su ne domin kaya da tafiya mai nisa, watau gyaɗa, da auduga, da kuza, da gawayin Inugu.

Jirgin cikin gari dabam ya ke. Aikinsa shi ne ya kwashi mutanen birni guda daga unguwa zuwa unguwa, safe da yamma, ko wace rana. Tashoshinsa kusa da juna su ke, ba ya daɗewa a tsaye, kuma ba ruwansa da cunkoson motoci, domin hanyarsa tasa ce shi kaɗai. Ƙarfinsa ke nan. Rauninsa kuwa, ba ya iya ratsewa daga kan dogo ko da taki ɗaya. Mota ta kan shiga lungu ta ɗauko mutum kusa da ƙofar gidansa, jirgi kuwa sai an zo masa.

Ku tuna da darasinmu na koguna. Binuwai babban kogi ne, amma ba shi ke tara ruwansa shi kaɗai ba. Ƙoramu su ke zuba cikin rafuka, rafuka su zuba cikin kogi kamar Mada, Mada ya zuba cikin Binuwai, Binuwai kuma ya tarad da Kwara a Lakwaja. In ƙoramu suka ƙafe, babban kogi sai ya koma rairayi. To, jirgi shi ne kogin, bas da ƙananan motoci da keke mai ƙafa uku su ne ƙoramun.

Abin da ya faru a Abuja

Cikin watan Yuli 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe jirgin cikin gari na Abuja. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya yi aikin, kuma an ci bashin dala miliyan 500 daga wani bankin Gwamnatin Sin domin a yi shi. Tsawon hanyar wajen kilomita 45 ne, watau kamar mil 28, da tasha 12. Reshe ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, ɗayan kuma ya tashi daga Idu ya bi Gwagwa, da Dei-Dei, da Kagini, zuwa Gbazango ta wajen Kubwa. A Idu ne ya ke haɗuwa da babban jirgin Kaduna wanda aka buɗe cikin 2016.

Da aka fara, tasha uku kaɗai ke aiki, ta tsakiyar birni, da Idu, da ta filin jirgin sama. Sauran tashoshin da yawansu suna can gefen gari, ba hanyar kirki da mota za ta bi ta kai mutum, balle a ce an keɓe bas mai zuwa can a kan lokaci. Jirgi kuma ba ya tashi sau da yawa a yini. Saboda haka mutane kaɗan ke shiga. Da annobar korona ta zo cikin 2020 aka tsai da shi, ya yi shekara huɗu a ajiye. Ran 29 ga Mayu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi, bayan an gyara tashoshi, an kuma yi hanyoyin mota da ke kaiwa gare su. Aka ce jama'a su shiga kyauta har ƙarshen wannan shekara.

Ku lura da abu biyu. Na fari, hanyoyin da aka yi cikin gyaran 2024 su ne ya kamata a yi tare da dogon tun farko. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Na biyu, wanda ya fi shafarmu mu mutanen Jihar Nasarawa, dogon ya nufi yamma ne da arewa maso yamma, bai bi ta Nyanya da Mararraba ba, alhali kuwa nan ne ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da ma'aikata ke kwararowa cikin Abuja ko wace safiya. Mutumin Masaka ba abin da zai haɗa shi da jirgin nan sai in mota ta kai shi tashar tsakiyar birni. Ke nan a gare shi tsarin motocin ya fi jirgin kansa muhimmanci.

Ɗan lissafi

Bari mu ƙaddara misali, ba na wani gari ba ne, domin a gane dalilin da ya sa a ke sake tsarin bas in jirgi ya zo.

A ce wata hukuma tana da bas 12. Dukansu suna bin hanya guda daga wata unguwa zuwa tsakiyar birni, zuwa da komowa minti 120. In ka raba 120 gida 12, za ka ga ko wane minti 10 bas ɗaya na tashi. Unguwa ɗaya ke nan ta sami mota, sauran unguwanni ko oho.

Yanzu a ce an shimfiɗa dogo a gefen wannan doguwar hanya. Ba sauran amfani bas su riƙa tsere da jirgi har cikin birni. Sai a gajarta tafiyarsu, su kai mutane tasha su juyo, zuwa da komowa minti 30. Bas 3 sun isa a sami mota ko wane minti 10, domin 30 a raba gida 3 ya ba da 10. Saura bas 9. Sai a raba su uku uku, a ba waɗansu unguwanni uku da da ba su da mota. Ga shi ba a sayi ko bas ɗaya sabuwa ba, amma unguwa huɗu sun sami abin da da unguwa ɗaya ke samu.

To, amma fa akwai abin da aka ɗora wa fasinja. Da mota ɗaya ya ke shiga ta kai shi har inda za shi, yanzu sai ya sauka ya sake hawa. In jirgi na tashi ko wane minti 10, wannan ba kome ba ne. In kuwa sai bayan sa'a guda ya ke tashi, wanda ya makara da minti 2 zai zauna minti 58 a tasha, gobe kuwa ba zai komo ba. In kuma sai ya biya kuɗin bas dabam, na jirgi dabam, har jimlar ta fi abin da ya saba biya, talaka zai koma wa tsohuwar motarsa, kuma da gaskiyarsa.

Yadda waɗansu suka yi

A Ikko, watau Legas, akwai hukuma guda mai suna LAMATA wadda ke lura da manyan bas da jiragen cikin gari gaba ɗaya. Tun 2008 ta keɓe wa manyan bas hanyarsu daga Mile 12 zuwa tsibirin Ikko. Cikin 2021 aka fito da ƙananan bas masu shiga unguwanni su kawo mutane manyan tashoshi. Cikin Satumba 2023 jirgin Shuɗin Layi, mai tafiya da lantarki, ya fara ɗaukar mutane daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, sa'an nan Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya cikin 2024. Da kati guda mai suna Cowry mutum ya ke biyan kuɗin bas da na jirgi. Ba a ce wahalar Ikko ta ƙare ba, amma an gane cewa mota da jirgi aiki ɗaya su ke yi.

A birnin Houston na Amurka kuwa, cikin 2015 aka buɗe sababbin layukan jirgi biyu, kuma cikin watan Agusta na wannan shekara aka sake tsarin hanyoyin bas na birnin duka a rana ɗaya, bayan an daɗe ana shawara da jama'a. Da yawancin hanyoyin tsakiyar gari su ke nufa. Sai aka mai da su kamar saƙar tabarma, waɗansu gabas da yamma, waɗansu kudu da arewa, suna gittawa da juna da kuma layin jirgi, aka yawaita hanyoyin da ba a jiran mota fiye da minti 15.

Akwai kuma darasi daga Abuja kanta. Cikin 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birnin, cikin 2013 kuma aka hana ƙananan bas da a ke kira araba, aka ce su tsaya a garuruwan gefe, manyan bas su ɗauka daga nan. Dabarar daidai ta ke da lissafinmu na sama. Amma manyan bas ɗin ba su wadata ba, sai mutane suka yi ta tsayuwa a bakin titi. Ba a zubad da ruwan tulu don an ga hadari.

Ƙa'idodi shida

1. A fara da ƙidaya. A san inda mutane ke kwana, da inda su ke aiki, da lokacin da su ke fita, kafin a ja layi a kan taswira.
2. Kada bas ta yi tsere da jirgi. Ta kawo masa mutane, ta kuma bi inda ba ya bi.
3. Wurin saukar bas ya zama a ƙofar tasha, da rumfa, da fitila, da wurin tsallake titi. Ku tuna da tsoho, da makaho, da mace mai goyo da kaya a ka.
4. Lokacin bas ya dace da na jirgi, a kuma rubuta shi inda kowa zai gani, cikin harshen da mutanen wurin ke ji.
5. Kuɗin tafiya ya zama guda, ko an sake mota.
6. A yi shawara da direbobi, da 'yan kamasho, da masu keke, tun da wuri. Abincinsu ne a ke taɓawa. In an ba su hanyoyin kawo mutane tasha sun zama abokan aiki, in an kore su sun zama abokan gaba.

Ina ruwan Kwandere?

Wani zai ce, Lafiya ba ta da jirgin cikin gari, me ya kawo wannan magana cikin ajin firamare? Amsa tana nan kusa da mu. Filin jirgin saman Lafiya a ƙasar Kwandere ya ke, Shugaba Buhari ya buɗe shi cikin Fabrairu 2022. Filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa halinsu ɗaya, sai an zo musu. Haka makaranta, haka asibiti, haka sabuwar kasuwa. Duk abin da aka gina a bayan gari ba a yi tunanin yadda mutane za su kai gare shi ba, rabin aiki aka yi. Lafiya kuwa tun da ta zama babban birnin jiha cikin 1996 ta ke ta faɗi ta ko wace fuska, ta hanyar Akwanga, da ta Makurɗi, da ta Doma, da ta Shandam. Yaran da za ku koya wa yau, cikinsu ne za a sami masu zana hanyoyin garin nan gaba. In sun saba da tambayar "yaya mutum zai kai can?" tun suna ƙanana, ba za su gina tasha a daji ba.

Aikin aji

Gani ya kori ji, saboda haka kada malami ya tsaya ga karanta wa yara wannan. Ya fita da su fili, su zana taswirar Lafiya a ƙasa da tsinke, su sa duwatsu a matsayin Kwandere, da Shabu, da Bukan Sidi, da kasuwa, da fadar Sarki. A miƙa igiya a matsayin dogo. Sa'an nan a ba ko wace ƙungiya ƙwallayen giginya ko marafan kwalba 12, su ne bas, a ce su raba su yadda kowa zai kai ga igiyar. Malami ya bar su su yi gardama, kada ya yi saurin ba su amsa. A ƙarshe ko wane yaro ya tambayo a gida, mota ko keke nawa babansa ko innarsa ke shiga kafin su kai kasuwa, da nawa su ke biya, a kawo a tara a allo.

Tambayoyi

1. Faɗi bambanci biyu tsakanin jirgin da ya ratsa Lafiya zuwa Kafanchan da jirgin cikin gari na Abuja.
2. Me ya sa mutane kaɗan ke shiga jirgin Abuja tsakanin 2018 da 2020?
3. Bas 8 suna bin hanya mai minti 80 zuwa da komowa. Bayan minti nawa bas ke tashi? In an gajarta hanyar ta koma minti 20, bas nawa za su rage domin waɗansu unguwanni, ba tare da jira ya ƙaru ba?
4. Ka ƙaddara kai mai keke ne a Shabu, aka ce za a sake tsarin hanyoyi. Rubuta wa hukuma wasiƙa ta layi goma ka faɗi abin da ka ke so a duba.