WA'AZI DABAN, TILAS DABAN

Shin Kirista yana da ikon kiran mutane zuwa addininsa a garin Musulmi kamar Dutsi ta ƙasar Katsina? Tambayar tsohuwa ce. A 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato ba zai taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita aikin mishan a biranen Musulmi. A yau kuwa Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa damar yaɗa addininsa. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara aya ta 256, ya hana tilastawa. Abin ƙyama shi ne sayen imanin mabukaci da magani ko hatsi, ko wane ne mai sayen. Garkuwar Musulmi ita ce ilmi da ciyar da maƙwabci. Allah ne Masani.