Tsarin Kawar da Ɓarna a Ayyukan Gine-gine: Darasi daga Birnin Gombe

Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci, garin Gombe bai daina gini ba. An bukaci ofisoshi, da gidajen ma'aikata, da makarantu, da asibitoci. A 2004 kuma aka kafa Jami'ar Jihar Gombe. Unguwanni irin su Pantami da Tumfure sun yi ta faɗaɗa. Duk da haka, mai zagaya gari ba zai rasa ganin ginin da ya tsaya a linta ba, ciyawa ta rufe shi, rodi ya yi tsatsa. Galibi akan ce kuɗi ne suka ƙare. Gaskiya ne, amma ya kamata a tambaya, ina kuɗin suka tafi?

Akwai wani tsari na gudanar da aiki da ke amsa wannan tambaya. Asalinsa daga ƙasar Japan ne, a kamfanin ƙera motoci na Toyota, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ƙasar ke cikin ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya zauna ya lura da yadda aiki ke tafiya, ya ware duk abin da ke cin kuɗi ko lokaci amma ba ya ƙara wa mai saye komai. Wannan shi ya kira ɓarna, ya kasa ta gida 7, a ciki har da zaman jira, da tara kaya fiye da bukata, da jigilar banza, da aikin da sai an sake. Turawa sun laƙaba wa tsarin wani suna mai ma'anar "maras kitse", watau aikin da aka rage masa duk wani nauyin da ba shi da amfani. A 1992 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Lauri Koskela, ya nuna cewa za a iya amfani da shi a aikin gini. A 1997 kuma Glenn Ballard da Greg Howell suka kafa cibiya domin haka a Amurka.

Abin da binciken Ballard da Howell ya gano ya isa abin tsoro: a wuraren ginin da suka duba, kusan rabin ayyukan da aka tsara za a yi a mako ne kawai ake gamawa cikin makon. Wannan fa a Amurka ne, inda injuna suka wadata. Ashe babbar ɓarna ba a buhun siminti take ba, tana cikin lokacin da mutane ke zaune suna jiran juna.

Alal misali, a ɗauki ginin ajujuwa huɗu na makarantar firamare a Gombe. Birkila da leburorinsa sun iso da sassafe, amma tankar ruwa ba ta zo ba. Sun zauna a inuwa har azahar, kuma kuɗin yini sai an biya. Kashegari an zuba kankare, sai aka tuna mai aikin lantarki bai shimfiɗa bututunsa ba, tilas a fasa bango. Ɗan kwangila kuwa, don gudun tashin farashi, ya sayo siminti buhu ɗari biyu tun farko ya jibge a ɗaki mai laima. Ko da yake kamfanin siminti na Ashaka yana cikin jihar, a ƙaramar hukumar Funakaye, an manta cewa siminti ba hatsi ba ne: idan ya wuce wata 3 a ajiye ƙarfinsa yakan ragu, in kuwa ya sha laima sai ya daskare. Babu wanda ya saci ko kwabo a cikin wannan labari, amma dukiyar jama'a ta salwanta.

Maganin yana farawa ne tun a kan takarda. Al'adar da aka saba ita ce mai zanen gini ya gama zanensa a ofis, injiniya ya yi lissafinsa, sa'an nan a miƙa wa ɗan kwangila wanda bai taɓa ganin takardun ba. A sabon tsari, ana tara su tun farko tare da waɗanda za su yi amfani da ginin, kamar hedimasta ko babbar nas, kowa ya faɗi abin da ya hango. Gyaran da fensir zai yi a yini ɗaya, guduma ce za ta yi shi a mako guda idan aka bari sai an gina. A Gombe wannan ya fi zama wajibi saboda yanayin ƙasa. Garin yana cikin kwari, ƙasarsa mai yashi ce a wurare da dama, kuma zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin gidaje a unguwanni. Zanen da bai tanadi hanyar ruwa ba, ko wanda aka kwafo daga wani gari ba tare da gwada ƙasa ba, damina ɗaya na iya tona asirinsa.

Bayan an fara aiki, sai a koma ga shirin mako-mako. A ƙarshen kowane mako heluma zai zauna da shugaban birkiloli, da kafinta, da mai ɗaurin rodi, da mai famfo. Ba a sa wani aiki cikin shirin mako mai zuwa sai an tabbata abubuwan da yake bukata sun kammala: zane, kaya, ma'aikata, da aikin da ya gabace shi. Kowa zai ɗauki alkawarin abin da zai iya kawai, kuma yana da damar ya ce ba zai yiwu ba. Wannan dama ita ce ta fi wuya a wurinmu, domin ƙaramin ma'aikaci yana jin nauyin musa wa babba, sai ya ce "to" alhali ya san babu katako. Idan mako ya cika, a ƙidaya: in an ɗauki alkawari 20 an cika 13, watau kashi 65 cikin ɗari ke nan. Sauran 7 ɗin sai a bi dalilinsu ɗaya bayan ɗaya, ba don a kunyata kowa ba, sai don kada a maimaita.

Kada a ɗauka rage ɓarna yana nufin gaggawa ko rage kaya. Kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Wannan jira ba ɓarna ba ne. Haka nan wanda ya rage siminti a bulo ha'inci ya yi, ba tsimi ba.

Hukumomi su ma da nasu rabon. Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta 2007 ta hana a ba da aikin da ba a tanadar masa kuɗi ba. Jinkirin biyan ɗan kwangila yakan tsayar da aiki gaba ɗaya, haka kuma ba da aikin haƙa harsashi a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Gombe, maimakon a shirya takardu da damina a soma haƙa a watan Nuwamba.