Ihun Ɓarawo Ba Hukuncin Alƙali Ba Ne

Jama'a, akwai wata mummunar ɗabi'a da ta samu gindin zama a kasuwanninmu da tashoshin mota da lungunan unguwanni, wadda ya kamata mu zauna mu dube ta da idon basira. Ita ce ɗaukar doka a hannu, wato taron mutane su far wa wanda ake zargi da laifi su kashe shi nan take, ba tuhuma, ba shaida, ba alƙali.

Kowa ya san yadda abin yake farawa. Wani ya laluba aljihu ya ji wayam, ya ɗaga murya ya ce "Ɓarawo!" Wani yaro ya tsorata ya zura da gudu. Mai shayi ya bar tukunyarsa, ɗan dako ya yar da kaya, mai faci ya ɗauko ƙarfen cire taya. Kafin ka ce kwabo an cim masa an kayar. Wanda ya iso a ƙarshe yana haki, sai ya kai nasa dukan tukuna, sannan ya juya ya tambayi na kusa da shi, "Wai me ya yi?" Can sai ka ji wata murya daga baya tana cewa a kawo taya da fetur. Samari kuwa sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar bidiyo. Cikin mutum ɗari da ke wurin, da wuya a samu biyu da suka ga satar da idonsu.

A watan Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan Arewa suka taso daga Fatakwal za su gida. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar da suke ciki, suka ga bindigogin farauta, aka yi shelar cewa an kama masu garkuwa da mutane. Taro ya kashe mutum 16, aka ƙona su. Da yawansu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure ne ta Jihar Kano, kuma sai da gwamnan Edo ya taka ƙafa ya zo Kano yin ta'aziyya. Duk Arewa ta yi kuka, kuma kukan yana bisa hanya. Kafin wannan, a watan Oktoba na 2012, an yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal irin wannan kisa a ƙauyen Aluu bayan an yi musu ihun ɓarayi. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, ɗaya daga cikinsu sajan ɗin 'yan sanda ne.

To, amma kada mu yi tuya mu manta da albasa. A Sakkwato, a 2022, taro ya kashe wata ɗaliba ta Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci, har Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. A 2023 aka kashe wani mahauci a garin bisa irin wannan zargi. Waɗanda ake kashewa a kan waya ko akuya ko babur kuwa, galibinsu ko jarida ba ta ɗaukar labarinsu. Mutumin da ya zubar da hawaye saboda Uromi, sannan ya ɗauki dutse a bakin kasuwar garinsu, da wane baki zai zargi mutanen Uromi?

Bari mu duba abin da addini ya koyar, tun da da yawa daga masu wannan aiki suna zaton lada suke samu. Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida, bayan ya ba da labarin ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa, ya daidaita kashe rai guda ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Ita sata, ko da ta tabbata, hukuncinta a shari'a bai kai kisa ba. Kuma kafin a tsayar da haddi sai abin da aka sata ya kai nisabi, wato rubu'in dinari, sai an ɗauke shi daga ma'ajiyarsa, sai an samu shaidu biyu adalai ko mai laifin ya amsa da bakinsa. Sayyidina Umar, da tsananinsa da kowa ya sani, ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Duk waɗannan sharuɗɗa alƙali ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya a zaune, cikin natsuwa. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa tsayar da haddi da ƙisasi aikin hukuma ne. Ko waliyyin wanda aka kashe, wanda shi ke da haƙƙin jini, sai ya bi ta gaban alƙali.

Ga kuma wani wuri da mutane ke ruɗin kansu, wanda ya kamata a tsaya a kansa. Kowa a cikin taro yana ce wa ransa, "Ai ni mari ɗaya na yi," ko "Ni sanda ɗaya na buga, ba ni na ƙarasa shi ba." Yana ganin kamar alhakin ya rarrabu, kowa ya samu ɗan kaɗan. Shari'a ba ta yi wannan lissafi ba. A zamanin Sayyidina Umar wasu mutane sun haɗu sun kashe mutum guda a San'a ta ƙasar Yaman, ya sa aka kashe su duka, ya kuma bayyana cewa da dukkan mutanen garin ne suka haɗa hannu, da haka zai yi musu. Imamu Malik ya kawo labarin a Muwaɗɗa, kuma a kansa mazhabarmu take. Ko kisan kuskure, wanda ba a yi niyya ba, diyyarsa raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya, ga kaffarar azumin wata biyu a jere. Wannan fa ga wanda hannunsa ya kuɓuce ne. Ina ga wanda ya je ya sayo fetur?

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin rayuwa, sashe na 36 kuma ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. A dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa tun 1960, kisan ganganci hukuncinsa kisa ne, kuma idan mutane suka aikata laifi da niyya guda, kowannensu ana ɗaukarsa tamkar shi kaɗai ya aikata.

Na san abin da mai karatu zai ce. Zai ce an sha kai ɓarawo ofishin 'yan sanda da safe, da la'asar a gan shi yana yawo yana yi wa mutane dariya. Zai ce masu ƙwacen waya sun kashe bayin Allah da wuƙa a titunan Kano. Wannan gaskiya ne, kuma laifin hukuma a nan babba ne, domin jinkirin shari'a da cin hanci su ke ingiza talaka ga wannan aika-aika. Sai dai ɓarawon da aka saki yau ana iya sake kama shi gobe, a kai ƙara gaba, a matsa lamba ta hannun masu unguwanni da lauyoyi da gidajen rediyo. Wanda aka ƙona bisa kuskure fa, wa zai dawo wa uwarsa da shi? Kuma a lura da waɗanda abin ya fi faɗawa: baƙo wanda ba ya jin yaren gari, mai taɓin hankali, almajiri, matafiyi da dare ya yi masa. Mai gida da dangi a unguwa da wuya a taɓa shi.

Doka ta yarda mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Saboda haka idan aka kama wani, dattawan wurin su yi maza su shiga tsakani tun kafin taro ya yi kauri, a shigar da shi shago ko ofishin sarkin kasuwa a rufe ƙofa, a aika a kira hukuma. Shugabannin 'yan sintiri da na tasha su ja kunnen yaransu tun kafin ranar ta zo. Wanda ya ga abin da ya faru da idonsa ya daure ya je ofishin 'yan sanda ya ba da shaida, domin sau da yawa rashin mai shaida ne ke sa a sallami wanda aka kama.