Littafin Shayi, da Harshen da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

'Ya'yana, na ga yadda shayi ya shiga ranku a 'yan shekarun nan, kuma hakan ya yi mini daɗi. A da, shayi a wurinmu bai wuce na teburin mai shayi ba, ga madara ga sukari ga burodi, sai kuwa na Buzaye da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi. Yau ga ku kuna sayo ganye iri-iri, wannan daga Sin, wancan daga Kenya, kuna zaune a majalisa kuna musu kan wanda ya fi. Shawarata gare ku ita ce ku nemi ɗan littafi, ko na aljihu ne, ku riƙa rubuta abin da bakinku ya ji duk lokacin da kuka dafa sabon ganye, ku kuma sa kwanan wata.

Dalilina shi ne harshen mutum yana sauyawa, mai shi kuma ba ya sani. Wanda yake shan shayi ba sukari a yau zai rantse maka tun asali haka yake so, ba don yana ƙarya ba, mantawa ya yi. Zuciya takan gyara abin da ya wuce ya dace da na yanzu. Takarda kuwa abin da aka ba ta shi take riƙewa.

Amma kafin ku ce ku ne kuka sauya, sai kun tabbatar ba shayin ne ya sauya ba, kuma a nan aikin yake. Koren shayi da baƙi da ulong duk ganyen itace ɗaya ne, wanda masana ke kira Camellia sinensis. Bambancinsu a sarrafawa yake. Koren ana gasa shi ko a turara shi da wuri don kada iska ta rina shi, baƙin kuwa ana murza shi a bar iska ta yi aikinta har ya yi duhu. Ko a gona guda ma, ganyen ba ya zama ɗaya duk shekara. A Darjilin ta Indiya, tsinkar farko ta watannin Maris da Afrilu takan fito da ruwa mai haske da ƙamshi mai kaifi, ta biyu ta Mayu da Yuni ta fi nauyi a baki, har kasuwa ta raba musu suna da farashi. Saboda haka rubuta "na sha Darjilin" kawai bai wadatar ba. Ku rubuta inda kuka saya, da yaushe, da abin da ke jikin kwalin.

Sai ruwa. Tun a ƙarni na 8, zamanin daular Tang a ƙasar Sin, Lu Yu ya rubuta littafinsa a kan shayi, ya fifita ruwan dutse, ya sa na kogi a tsakiya, na rijiya a ƙarshe. Ba sai kun bi jerinsa ba, amma ku gwada da kanku: ganye ɗaya, ku dafa da ruwan burtsatse, ku sake dafawa da na leda. Ruwa mai nauyi yakan dushe ƙamshi, ya bar wata yana a saman kofi. Zafin ruwan ma haka. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa, koren kuwa ya fi son wanda ya ɗan huce, wajen digiri 70 zuwa 80. Da yawa daga masu cewa koren shayi ɗaci gare shi, ƙona shi suka yi da tafasasshen ruwa suka kuma bar shi ya daɗe a ciki.

Masu ɗanɗanar shayi don kasuwa sun san wannan matsalar, shi ya sa suke da ƙa'ida. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ita a 1980, mai lamba ISO 3103: giram 2 na ganye a mililita 100 na tafasasshen ruwa, a bar shi minti 6. Ba a yi ta don shayi ya yi daɗi ba, an yi ta ne don in an kwatanta ganye biyu a san ganyen ake kwatantawa. Ku ba kwa buƙatar sikeli. Cokali ɗaya da kuka saba da shi, kofi ɗaya, da agogon waya sun isa, muddin ba kwa sauya su.

To, idan ganye da ruwa da lokaci sun tsaya, saura mai sha. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano aikin hanci ne. Ƙamshi yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci yayin da kake haɗiya, shi ya sa mai mura yake jin komai lami. Waɗanda korona ta ɗauke wa jin ƙamshi a 2020 sun ga haka ƙarara. Zazzaɓin cizon sauro yakan bar ɗaci a baki, wasu magunguna ma haka. Hunturu yana busar da hanci. Wanda ya ci goro ko yaji kafin ya sha, da wanda ya sha bayan buɗa-baki, ba abu ɗaya za su ji ba ko da buta ɗaya aka zuba musu. Layi guda ya isa: "ina mura", ko "bayan tuwo da miyar kuka". Wannan layin ne zai hana ku zaluntar ganye mai kyau.

Akwai kuma abin da aka haifi mutum da shi. A 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Arthur Fox, yana aiki da wani gari da ake kira PTC, sai garin ya tashi a iska. Abokin aikinsa ya ce ɗaci ya cika masa baki, shi kuwa Fox bai ji komai ba. Daga baya aka gano gado ne, wasu suna jin wannan ɗacin, wasu ba sa ji. Idan ɗan'uwanka ya yamutsa fuska a kan shayin da kai ka ji daidai, wataƙila gaskiyarsa ya faɗa, kai ma taka ka faɗa.

Shekaru su ma suna nasu aikin a hankali. Yaro ya fi babba son zaƙi, ya fi shi gudun ɗaci. Da girma da sabo, ɗaci da bauri sukan zama abin nema. Idan tsufa ya zo, jin ƙamshi yakan ragu, sai ka ga dattijo yana ƙara citta da kanumfari, yana son shayi mai kauri. Mu da muka kai nan muna jin haka a jikinmu, kuma ina so a ce kuna da rubutun abin da hancinku ke kamawa yanzu da yake da ƙarfinsa. Wani sauyin ma ba ya jiran shekaru. Ku rage sukari kaɗan-kaɗan na 'yan makonni, sannan ku koma ma'aunin da, za ku ji ya yi muku yawa.

Wajen rubutun, kada ku kwafi abin da mai sayarwa ya buga a kwali. Idan ya ce shayin yana ƙamshin wasu 'ya'yan itacen da ba ku taɓa gani ba, me kuka ƙaru da shi? Ku auna da abin da kuka sani: ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, hayaƙin kara, soyayyar gyaɗa, dabino, ɗanyar ciyawa, baurin goro. Ku faɗi ko ɗacin yana wucewa da sauri ko yana zama, da abin da ya rage a maƙogwaro bayan haɗiya. Idan abin da kuka iya cewa kawai shi ne "bai yi mini ba", ku rubuta hakan. Kuma kada ku goge tsohon hukunci don kun ji kunyarsa. Ku rubuta sabon a ƙarƙashinsa da kwanan watansa.

Wanda yake zama a fada, wato majalisa, a Yamai ko Damagaram yana da makaranta a gabansa. Shayin nan mai zuwa sau uku daga ganye ɗaya, na farko da ɗacinsa da ƙarfinsa, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi ya rinjaye shi, yana nuna yadda ganye ke sakin abin da ke cikinsa bi da bi. Ku rubuta wanne kuka fi so bana. Ku sake tambayar kanku baɗi.

Abin da nake jiye muku shi ne girman kai. Na ga matasan da suka koyi sunayen ganye biyu-uku suka fara raina mai shan Lipton da madara, ko ganyen Kakara na tsaunin Mambila da ake nomawa a nan Taraba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shafukan farko na littafinku za su nuna muku inda kuka faro, kuma in an ba ku shayi a gidan mutane, ku karɓa da hannu biyu ku sha yadda aka haɗa shi, ku bar hukuncin sai kun koma gida.

Ganyen kuma ku adana shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana da kayan yaji da turare, don yana jan wari, koren ma yakan rasa ƙamshinsa cikin watanni. Idan za ku sake gwada shayin da kuka ƙi bara, ku sayo sabo, ku dafa da cokalin nan da kofin nan, ku rubuta abin da kuka ji, sannan ku buɗe tsohon shafin ku karanta.