Zoɓo, Kanwa da Kyandir: Yadda Za a Sa Yara Su So Kimiyyar Sinadarai

Kukan da iyaye da yawa ke yi shi ne yaro ya haddace sunayen sinadarai tsaf, amma da an ambaci darasin kemistiri sai ya ɓata fuska. Dalilin bai da nisa. A makarantu da dama allo da alli ne kawai, yaro bai taɓa ganin ruwa ya sauya launi a gabansa ba, balle ya tambayi abin da ya sa.

Maganin ya daɗe. Tun 1825 cibiyar Royal Institution da ke Landan take shirya wa yara laccocin ƙarshen shekara, inda ake gwaji a bainar jama'a. A can ne masanin kimiyya Michael Faraday ya yi jerin laccoci shida a kan kyandir kaɗai, aka buga su littafi a 1861. Da abin da kowa ke da shi a gida ya koyar da yadda wuta ke ci.

Madafin Bahaushiya ma ya wadatar. A jiƙa zoɓo, a tace, a sirka shi da ruwa har ya yi haske, a raba kofunan gilashi uku. A matsa lemon tsami a na farko, jan zai ƙara fitowa. A ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Na uku a bar shi yadda yake domin kwatantawa. Sinadarin antosayanin da ke cikin zoɓo ne ke sauya launi gwargwadon asid ko alkali da ya tarar, aikin da takardar litmus ke yi a ɗakin gwaji. Uwar da ke jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami ta jima tana wannan aikin, kuma ya kamata yara su ji hakan daga bakinta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada babba ya yi gaggawar bayani. Kafin a ɗiga kanwar, a tambayi kowa, har kaka: me kuke ganin zai faru? Yaron da ya yi hasashe ya kuskure ba ya manta sakamakon.

Gwaji na biyu irin na Faraday ne. A zuba garin kanwa ko bakar hoda ta soda cikin ruwan tsamiya mai kauri a jug, zai yi kumfa yana fitar da iskar kabon dayoksaid. Wannan iska ta fi wadda ake shaƙa nauyi, don haka idan aka karkata bakin jug ɗin a hankali kan kyandir mai ci, ba tare da ruwan ya zuba ba, wutar za ta mutu.

Iyalin da ke kusa da Kano su kai yara marinar Ƙofar Mata. Zane na fitowa daga karofi kore-kore, iskar oksijin ta taɓa shi ya zama shuɗi a kan idonsu.

Sai dai akwai iyaka. Babba ne kaɗai zai riƙe ashana, kuma fetur da kananzir ba su da gurbi a nan. Kada a haɗa bilic da tsami ko da wani ruwan wanke bayan gida, domin yana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu. Kofunan gwaji ba na sha ba ne, a zubar da abin da ke ciki a wanke su kafin yara su watse.